Yadda Ake Kama Kifin Perch da Koton Gashin Tsuntsu

Perch kifi ne ɗan madaidaici, rawaya mai ratsin baƙi a gefe, wanda ya cika tafkunan Amurka da Kanada, irin su Erie da Simcoe. Kafin ka je bakin ruwa, sayi lasisin kamun kifi na jihar ko lardin da kake.

Sai ka ɗauki sandar fatsa mara nauyi, irin ta jefa koton gashi, mai lambar nauyi 4 ko 5, da zaren da bakinsa ke nutsewa, domin kifin nan a kusa da ƙasan ruwa yake kiwo.

Zaɓen koto shi ne babban aiki. Koton nan ƙugiya ce da aka naɗe da gashi da zare har ta yi kama da ɗan kifi ko ƙwaron ruwa. Ni dai koton da ake kira Clouser Minnow nake fara ɗaurawa, fari da rawaya. Idanunsa na ƙarfe ne, shi ya sa yake saurin nutsewa. In kifayen ba su kula shi ba, koma ga wani koton mai suna Woolly Bugger, baƙi ko ruwan ganye. Bakin perch ƙarami ne, don haka ka zaɓi ƙaramar ƙugiya, lamba 8 zuwa 12.

Jefa a gefen ciyawar ruwa ko duwatsu, da safe ko da la'asar. Ƙirga goma kafin ka fara jan zaren a hankali, kana tsayawa kaɗan-kaɗan. Sau da yawa a lokacin tsayawar nan suke cafka.

Da ka kama ɗaya, kada ka bar wurin. Garke-garke suke yawo, 'yan'uwansa na nan ƙasa.