Yadda za ka tsara dukiyarka tun kafin ta zama gado

Ranar sadakar bakwai ta wani kawuna, ba a ma naɗe tabarmi ba, wani mutum ya zaro 'yar takarda daga aljihu ya ce yana bin marigayi kuɗin masara buhu arba'in. Babu wanda ya san da zancen. Uwargida kuma ta ce gidan hayar da ke bayan kasuwa tuni Alhaji ya ba ta. Shaida fa? Daga ita sai shi a ɗaki. Aka yi shekaru ana jelen kotu, 'yan uba suka daina gaisawa.

Don haka fara da littafi da biro. Rubuta duk abin da ka mallaka: gida, fili, gona, shanun da ka ba da kiwo, asusun banki, jarin da ke hannun abokin kasuwanci. Sannan ka buɗe wani shafi na bashi, wanda ake binka da wanda kake bi, har da amanar mutane da ke hannunka da sauran sadakin da ba ka cika ba. Wannan shafin ya fi komai muhimmanci, domin bayan kuɗin jana'iza bashi ake fara biya, sai wasiyya, abin da ya rage shi ne gado.

Na biyu, wasiyya. Iyakarta sulusi, wato kashi ɗaya cikin uku, kamar yadda Annabi (SAW) ya iyakance wa Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas. Kuma ba a yi wa magaji wasiyya sai in sauran magada sun amince, tunda rabonsa yana nan a Suratun Nisa'i, aya ta 11 da 12 da 176. To wa za ka yi wa? Jikan da mahaifinsa ya riga ka rasuwa, wanda baffanninsa za su katange shi daga gado. Agolan da ya tashi a hannunka. Yaron shagon da ya yi maka shekara ashirin. Rubuta sunaye da adadi, ka sa hannu a gaban shaidu biyu adalai waɗanda ba su da rabo a ciki, ka kuma ambaci wasiyyin da zai kula da marayu.

Kyauta ita ce inda aka fi zamewa. In kana son matarka ko 'yarka ta samu gida, ka ba ta yanzu kana da lafiya, kuma ta karɓa a hannu. A mazhabar Malikiyya, kyautar da ba a yi hauzinta ba har mai kyautar ya rasu ta ɓaci, ta koma cikin gado. Hauzi kuwa ba faɗa da baki ba ne: ka miƙa mukulli, 'yan haya su koma biyanta, a sauya suna a takarda. In filin yana da takardar mallaka ta gwamnati, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ce sai da amincewar gwamna ake sauya mai shi, saboda haka a bi ta ma'aikatar filaye ko da abin zai ja lokaci. Kyautar da aka yi a ciwon ajali kuwa hukuncin wasiyya take ɗauka. Ka kuma daidaita tsakanin 'ya'yanka. Hadisin Nu'umanu ɗan Bashir a kan haka yake. Ni dai ban taɓa ganin gidan da aka fifita ɗakin amarya aka wanye lafiya ba.

Mai son abin da zai ɗore sai ya yi wakafi: shago ko gona da ba a sayarwa, ba a gada, amfaninta yana tafiya ga makaranta, marayu ko zuriya. Fayyace mai kula da ita da wanda zai gaje shi. A Kano akwai Hukumar Zakka da Hubusi (hubusi shi ne wakafi), Sakkwato da Zamfara ma suna da irin tasu.

Kada sunan makusancin da ka cike a fom ɗin banki ya ruɗe ka. Shi wanda za a tuntuɓa ne kawai, ba magaji ba. Banki da kamfanin fansho za su nemi takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga kotu, kuma ana biyan kuɗi gwargwadon darajar dukiyar, kowace jiha da ƙa'idarta.

Harajin gado ya fi cizon mai dukiya a ƙasar waje. A Birtaniya ana cire kashi 40 cikin ɗari na abin da ya haura fam 325,000. A Amurka, wanda ba ɗan ƙasa ba kuma ba mazaunin can ba, dala 60,000 kacal ake yafe masa a kan kadarorinsa na can, har da hannun jarin kamfanonin Amurka da matasa ke saye ta waya. Mai irin wannan ya nemi lauyan da ya san dokar ƙasar.

In ka gama, kai wa malamin da ya san ilimin gado da kuma lauya su duba. Yi kwafi uku, ɗaya wurin lauya, ɗaya wurin wasiyyi, ɗaya a gida inda iyali suka sani. Duk lokacin da aka yi haihuwa, aure, saki, ko ka sayar da fili, ɗauko takardar ka gyara, ka sa sabon kwanan wata, ka yayyaga tsohuwar.