Kurakuran masu auna atisayen wuyan hannu da waya ko agogon zamani

Yanzu a Gombe, da an cire wa mutum filasta bayan karayar wuyan hannu, kamar mako 6 da faruwarta, sai wani ya ce ya sayi agogon zamani ko ya sauke manhaja. Kayan suna da amfani, amma yadda ake aiki da su ne ke ɓata min rai.

Babban kuskure shi ne dogaro da agogo wajen auna lanƙwasawa. Duba inda yake zama: a ƙarshen sangalin hannu, kafin gaɓar. Ka lanƙwasa tafinka sama da ƙasa yadda kake so, agogon yana nan bai motsa ba, to me zai auna? Lambobin da yake nunawa lilon hannu ne, da girgizar acaɓa. Abin da zai iya kamawa shi ne juya tafi sama da kife shi, shi ma sai an manne gwiwar hannu a jikin haƙarƙari. In kana son sanin lanƙwasawa, dole abin aunawa ya hau bayan tafin hannu.

A nan waya ta fi. Manhajar auna kusurwa tana aiki da nauyin da ke jan abu ƙasa, don haka motsin sama da ƙasa kawai take gani. Ni dokata ita ce a ɗora sangalin hannu a kan teburi, tafi ya leƙo daga baki, a miƙe shi, a kwantar da waya a bayan tafin, a mayar da ita sifili, sannan a lanƙwasa. Ɗayan hannun ya riƙe wayar kada ta zame, ban da dannawa. Lafiyayyen hannu yakan kai kusan digiri 80 ƙasa, 70 sama, amma fara auna mai lafiyar naka, shi ne ma'auninka.

Sai masu ɗaga gwiwar hannu ko karkata kafaɗa don lamba ta hau. Haba malam! Wa kake yaudara? Gaɓar tana nan a sandare, ka tura wa likitan gashin ƙashi, wato mai ba ka atisaye, digirin da ba ka da shi, shi kuma ya ƙara maka atisayen da hannunka bai kai ba. Kuma bambancin digiri 3 ko 4 tsakanin jiya da yau ba komai ba ne, kuskuren awo kaɗai yakan kai 5. Na fi son a auna sau ɗaya a mako, lokaci guda, a kujera guda.

Kada a matse igiyar agogo a hannu mai kumburi, ballantana da gumin bazara. Bidiyon atisayen da za a tura wa likita ta WhatsApp a ɗauke shi daga gefe, gwiwar hannu ta fito a ciki.

In babban yatsa, manuniya da na tsakiya suka fara mutuwa, ko hannun yana zafi kamar wuta, launinsa ya sauya, ajiye wayar ka nufi asibiti, ko na koyarwa na tarayya ko wanda ya fi kusa da kai.