Bayan rufe COMINAK: kurakuran da muke yi game da sharar uraniyom

Damagarawa da yawa sun ci abinci a Arlit da Akokan, garuruwan haƙar uraniyom a arewacin Nijar, wasu leburori, wasu direbobi, wasu ƴan kasuwa, har yau kuma kaya na gangarowa daga can zuwa nan. Don haka dalar sharar da aka bari a can ta shafe mu.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne zaton cewa tunda an rufe COMINAK, kamfanin da ya haƙi uraniyom a Akokan, ranar 31 ga Maris 2021, magana ta ƙare. Haƙa ce kawai ta tsaya. Tun 1978 ake niƙa dutse ana tace uraniyom, dusar da ta rage ta kai kusan ton miliyan 20, kuma mafi yawan tururin nukiliyar yana cikinta. Radiyom, sinadari mai fitar da wannan tururi da ke ciki, sai ya shekara 1,600 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi. Shirin da Orano, kamfanin Faransa da ya gudanar da ma'adinan, ya bayyana shi ne a lulluɓe dalar da yumɓu da duwatsu masu kaurin mita 2. To amma murfi yakan tsage, iska da ruwan sama su zaizaye shi. Dole a ci gaba da auna iska da ruwan rijiyoyi, a kuma faɗa wa jama'a sakamakon da Hausa da Tamajek. Neman wannan haƙƙinmu ne.

Wanda ya fi tayar min da hankali shi ne ƙarafuna. Masu binciken CRIIRAD, wata ƙungiyar Faransa mai auna tururin nukiliya, sun taɓa samun ƙarafunan da tururin ya gurɓata a kasuwar Arlit. Mutum ya ga bututu ko ganga da araha, ya wanke da omo, ya ce ai tururin ya fita. Bai fita ba. Abin ba shi da wari, ba shi da launi, na'ura kaɗai ke gane shi, kuma yakan daskare a cikin bututun. Maƙeri ya tambayi asalin ƙarfe kafin ya saya. In daga ma'adinai ya fito ba a auna ba, kada a zuba masa ruwan sha, kada a kai shi kusa da girki.

Haka duwatsun wurin, ba na gini ba ne. A 2009 ƙungiyar kare muhalli ta Greenpeace ta auna tururi mai yawa a titunan Akokan da aka cike da su. A rufaffen ɗaki iskar radon, wata iska mai cutar da huhu da irin waɗannan duwatsu ke fitarwa, taruwa take.

Tsoffin ma'aikata kuma, kada ku mai da tari mai daɗewa mura. Cutar huhu kan ɗauki shekaru kafin ta bayyana. Ku adana takardun aikinku, in kun je asibiti ku gaya wa likita shekara nawa kuka yi a cikin rami.