Ku Hau Kal'ar Salahuddin Tun Kuna Sababbi

Ƙannena da kuka sauka Alƙahira bana don karatu a Azhar, na san hankalinku na kan iƙama (takardar izinin zama) da rajista da wurin kwana. Da zarar waɗannan sun lafa, ku ware safiya guda ku hau Kal'ar Salahuddin, wato tsohon sansanin tsaro mai ganuwar dutse da ke kan tudu. Ni sai da na shekara biyu ina wuce ta a mikrobas ta titin Salah Salim ban leƙa ba, kuma har yau ina jin takaicin wannan jinkiri, don ranar da na tsaya a farfajiyar sama ce garin nan ya fara zauna mini a kai. Ga masallacin Sultan Hasan da na Rifa'i a ƙarƙashinka, ga hasumiyoyin tsohon gari ta wajen Azhar, in babu hazo har dalar Giza za ka hango can yamma. Bayan nan ban ƙara rikicewa da gabas da yamma ba.

Salahuddin Ayyubi ne ya sa aka fara ginin a 1176, a gefen tsaunin Muƙaɗɗam, don tsare garin daga mayaƙan Salibiyya. Daga baya nan ta zama mazaunin masu mulkin Masar na ɗaruruwan shekaru, sai a shekarun 1870 Isma'il Basha ya koma fadar Abdin. Wanda ya tashi yana ganin ganuwar ƙasa ta Kano, sai ya kai hannu ya shafa waɗannan manyan duwatsu kafin ya yarda mutane ne suka jera su.

Kowa masallacin Muhammad Ali yake nufa, mai manyan kubbobi irin na Turkiyya, wanda aka fara a 1830 lokacin da Muhammad Ali Basha ke mulkin Masar. Ku shiga, ya cancanta. Amma don Allah kada ku fita ba ku tsallaka masallacin Nasir Muhammad ba, na 1318. Ba cunkoso a can. Ku lura da ginshiƙansa: ba su yi kama da juna ba, domin daga tsofaffin gine-gine aka ɗebo su. Nan na fi son zama. Ta wajen Babul Azab kuwa, ɗaya daga ƙofofin kal'ar, a can ne Muhammad Ali ya sa aka hallaka manyan Mamluk, rukunin mayaƙan da suka daɗe da riƙe iko a Masar, a 1811, bayan ya gayyace su biki.

In za ku tambayi hanya ko direba, ku ce “El-Al'a”, don mutanen Alƙahira ba sa furta ƙaf. Mashiga tana ta ɓangaren Salah Salim. Ku riƙe katin shaidarku na makaranta, da shi ake rage wa ɗalibi kuɗin tikiti, ku tafi kuma da katin banki. Ku fita da wuri kafin rana ta take, da ruwan sha da leda ta zuba takalmi in za a shiga masallaci.