Yadda nake farautar sabis a ƙauyenmu na ƙasar Daura

Shekara biyar ke nan ina sana'ar POS da cajin waya a wani ƙauye da ke kan hanyar Daura zuwa Zango. Abincina a sabis yake rataye, in ya ɗauke ciniki ya tsaya cak. Duk abin da zan faɗa a nan da hannuna na gwada shi.

Da farko, ka rage yarda da sandunan nan da ke saman allon waya. Kowace waya da yadda take ƙirga nata, sai ka ga layi ɗaya, wuri ɗaya, wannan ta nuna sanda uku waccan ta nuna ɗaya. Ainihin ma'aunin yana cikin saiti. A wayar Android ka shiga About phone, ka nemi SIM status, za ka tarar da wata lamba da alamar ɗebewa a gabanta, an rubuta dBm a bayanta. In tana wajen -85 ko -90, kana cikin daɗi. In ta kai -100 an fara lallaɓawa, -110 kuwa sai haƙuri.

To ka riƙe wayar a wannan shafi ka zagaya gidanka, kana ɗan tsayawa kamar rabin minti a kowane wuri don lambar ta daidaita. Ranar da na fara yi, a tsakiyar shagona mai rufin kwano -109 na gani. Bakin taga ta yamma, wadda ke kallon Daura, -98. Da na hau dakalin da ke gindin bedin ƙofar shago sai ga -92. Taku goma ne kacal tsakaninsu! Kwano da katanga mai kauri su ne manyan masu tare sabis, tudu kuma ya fi kwari. Tun daga ranar na kafa ƙusa a jikin tagar nan, a nan na'urar POS take wuni.

Abu na biyu, in kira kake so ko tiransifa ta lamba irin mai tauraro da shinge, kada ka bar wayar tana kai-kawo tsakanin 4G da 2G. Shiga saitin layi ka tsayar da ita a 2G. Zangon igiyar sadarwa mai lamba 900 da ake yawan ɗora 2G a kai ya fi manyan zanguna irin su 2100 da 2600 cin nisa da ratsa bango. In ka gama ka mayar. Idan kuma wayar ta maƙale wa ƙarfen sabis mai nisa, danna alamar jirgin sama, ƙirga goma, ka cire, za ta sake nema.

Mu da ke kusa da iyaka muna da tamu matsalar. A wajen Kwangwalam da Mai'aduwa da Zango, waya kan tsallaka ta kama layin Nijar ba ka sani ba, katinka ya ƙare a banza da kuɗin kiran ƙasar waje. Wani dattijo ya taɓa zuwa mini ransa a ɓace, ya ce: "Ɗana, katin ɗari biyar na sa jiya, ban yi wata doguwar magana ba ya ƙare." Na ce: "Baba, kawo in duba." Sunan kamfanin Nijar ne ɓaro-ɓaro a saman allon. Maganinsa, ka kashe zaɓin kamfani na kai-tsaye, ka zaɓi naka da hannu, ka kuma rufe Data roaming.

Wani lokaci lambar dBm ɗin lafiya lau amma intanet ba ya motsi. Wannan cunkoso ne, kamar ranar kasuwa ko ranar hawan Sallah a Daura, mutane sun yi wa ƙarfen yawa. Hawa dakali ba ya maganinsa. Aika saƙon tes, ko ka bar aikin data zuwa bayan asuba. Shi ya sa nake riƙe da layi biyu na kamfani daban-daban. Tsakanin MTN, Airtel da Glo babu wanda zan ce maka shi ne gwani ko'ina, tambayi maƙwabta wanne ya fi kamawa a unguwarku.

Batir ma yana shan wuya, domin waya na ƙara ƙarfi ne tana neman ƙarfe. In za ka shiga gona inda ka san babu sabis, sa ta a jirgin sama.

Takardar nan mai ƙyalli da ake mannawa a bayan waya wai tana ƙara sabis, kada ka ba da ko sisi. Na'urar ƙara sabis ta kasuwa kuma hukumar NCC mai kula da harkar sadarwa ta hana amfani da ita ba izini, don tana dagula wa maƙwabta nasu. In sabis ya ɗauke kwana da kwanaki, fara kai ƙara wurin kamfanin layinka, ka karɓi lambar ƙorafi ka rubuta. In an yi shiru, kira 622, layin NCC ne kuma kyauta, lambar ƙorafin nan za su fara tambayarka.