Yadda za ka yi amfani da kalmar "hoard" a inda ta dace

Duk lokacin da fetur ya yi wuya, jaridun Turanci sukan ce gidajen man fetur suna yin "hoarding", wato suna ɓoye man. Daga nan ɗalibai da dama suka tsinci kalmar, suna liƙa ta ga kowace irin ajiya. Abin yana damuna, domin kalma ce mai ɗauke da zargi.

Fara da sanin tushenta. A tsohon Turanci "hord" ake cewa, wato dukiyar da aka adana a ɓoye. Wannan ma'ana ba ta mutu ba: a 2009 wani mutum mai na'urar gano ƙarfe ya ci karo da guntayen zinariya da azurfa sama da 3,500 a wata gona da ke Staffordshire ta Ingila, aka raɗa musu "Staffordshire Hoard". A irin wannan wuri suna ce kawai, ba ta aibata kowa.

Mataki na biyu shi ne mai nauyi. Kafin ka ce wani yana "hoarding", tambayi kanka: ya tara fiye da buƙatarsa ne, har wasu suka rasa? Ɗan kasuwar da ya kulle buhunan masara a sito yana jiran farashi ya hau, alhali mutane na kwana da yunwa, shi kalmar ta dace da shi. Abin da malamai ke kira ihtikari ke nan. Amma manomin da ya cika rumbu don iyalinsa su kai damina tanadi ya yi, "store" za ka ce. Idan kuwa gwamnati ce ta tara hatsi ko magani saboda ɓacin rana, "stockpile" ta fi kyau, kalmar da ta samo asali daga masu haƙar ma'adinai, da tulin da suke tarawa a bakin rami.

Na uku, kula da rubutu. "Horde" da "hoard" furucinsu ɗaya, amma ta farkon cincirindon mutane take nufi, kuma daga harsunan Turkawa ta fito, inda "ordu" ke nufin runduna.

Daga ƙarshe, in ka ga "hoarding" a jaridar Birtaniya, duba jimlar da kyau. Can suna kiran babban allon talla da wannan suna, haka ma shingen katako da ake kewaye wurin gini da shi.