Noman kwangila: kurakuran da ke cinye gumin manomi

Tun da aka ƙaddamar da shirin Anchor Borrowers na Babban Bankin Najeriya a Birnin Kebbi cikin Nuwamban 2015, noman kwangila ya zama ruwan dare: a ba ka iri da taki da maganin feshi bashi, kaka ta yi ka biya da amfanin gona. Tsarin ba laifi. Sai dai manoma dubbai ne, mai saye ɗaya ko biyu, wuƙa da nama na hannunsa.

Babban kuskure shi ne dangwala yatsa a takardar da ba a karanta maka ba. Sa a fassara maka, ka tambaya: nawa aka yi wa buhun taki kuɗi? Da wane farashi za a karɓi shinkafa shanshera, na ranar sa hannu ko na ranar awo? In an yanke farashi tun kafin shuka, kaya suka tashi, kai ne a ƙasa. Nemi a rubuta farashin da ba za a sauka ƙasa da shi ba, in kasuwa ta haura kuma a bi kasuwa.

Sai awo, inda aka fi kuka. Wani maƙwabcina ya saba ciniki da buhu, su kuwa kamfani kilo suka sani. Suka soka na'ura a buhunansa, suka ce da danshi, aka zabtare. Aka sake cire na ƙaiƙayi da tsakuwa. Ya riga ya biya kuɗin mota, ina zai koma da kaya? Haka ya karɓa yana ƙunƙuni. Masu injin casa danshin wajen kashi 14 cikin 100 suke so, don haka shanya sosai, ka sheƙe, ku auna a sikelin ƙungiyarku ta manoma kafin lodi, wakilinku kuma ya tsaya a kan sikelinsu. Mutum ɗaya ba ya ja da kamfani, amma ƙungiya mai kaya tirela guda ana sauraronta.

Mu ma da namu laifin. Mai sayar da takin bashi don hidimar biki, ko mai karkatar da amfani ga 'yan baranda da daddare, ya ɓata sunan ƙungiyarsa, baɗi ba mai ba su.

Kada kuma ka zuba gonarka duka a kwangila. Manoman tumatir na Kadawa a jihar Kano sun ga yadda tsutsar Tuta absoluta ta share gonaki a 2016, bashi kuwa ba ruwansa da tsutsa. Ware fegin gero da dawa na gida, sannan ka tambaya a rubuce: in ambaliya ko ƙwari suka ci gonar, inshora ce za ta biya ko kai?